Gudun Garzali a Gonakin Umm Salal

Gardamar ta faro ne a wani ɗan gidan abinci da ke unguwar Al Muntazah a birnin Doha, inda 'yan Arewa kan haɗu da yammacin Alhamis su ci shinkafa su kora da shayin karak. Talabijin ɗin da ke bango yana maimaita wani gudun fanfalaki da aka yi a Turai. Wani siririn saurayi ɗan gabashin Afirka ne a gaba, sanye da takalmi mai kaurin ƙasa, ya shigo layin ƙarshe ko haki ba ya yi.

"Wannan ai ba gudu ba ne," in ji Ɗalhatu. "Katifa suka ɗaura masa a ƙafa."

Ɗalhatu direban motar kamfani ne, ya haura hamsin. A ƙuruciyarsa ya yi wa jihar Filato gudu, har gasar ƙasa ya je, kuma duk wanda ya taɓa zama teburi ɗaya da shi ya san wannan labari. Kusa da shi Garzali ne, ɗan ƙanwarsa Zaituna. Ɗalhatu ne ya yi masa hanyar zuwa Doha, ya samu aikin gadi a wani rukunin gidaje da ke Al Thumama. Garzali ma ɗan gudu ne. Sau biyu ya shiga gudun fanfalakin Doha na lokacin sanyi, kuma bai ji kunya ba.

"Kawu, takalmi ba ya gudu shi kaɗai," in ji Garzali. "Waɗannan mutanen sau biyu suke atisaye a rana, a kan tsaunuka. Saurin da suke riƙewa tun daga farko har ƙarshe, zakarun zamaninku ba za su riƙe shi rabin hanya ba."

"Ka san abin da kake faɗa kuwa? A da can wani Bahabashe ya cinye duniya ƙafarsa ba takalmi. Wa ya ja masa gaba yana kare masa iska? Wa ya riƙa miƙa masa ruwan zaƙi a kwalba? Mu da takalmin kambas muka yi namu, a kan kwaltar Kaduna, rana tsaka. Ruwa ma sai ka ci kusan rabin tafiya kafin ka ga mai kofi. Ka cire wa na yanzu katifar nan, ka janye masu ja musu gaba, ka ga ko za su kai."

"Ka ba na da takalmin yanzu ma, a baya za su zo."

Dikko, abokin aikin Ɗalhatu da ke zaune gefe, ya kwashe da dariya. "Malam Ɗalhatu, yaron nan fa ya ce ku tsofaffin yayi ne."

Fuskar Ɗalhatu ta canza. Ya ajiye kofin shayinsa ya dubi Garzali. "Kai ɗin nan, ba zakarun duniya ba, kai. In aka ba ka kambas aka hana ka ruwan zaƙin nan, ba za ka gama tafiyar ba, balle ka kamo lokacina."

Garzali bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Juma'ar mako mai zuwa ina hutu. Ka zo da mota ka auna mini hanya."

Dikko ya so ya mai da abin wasa, ya tuna musu cewa watan Mayu ake ciki, zafi ya riga ya shigo. Ba wanda ya saurare shi.

Cikin makon Ɗalhatu ya ɗauki waya zai kira yaron ya ce a bari sai lokacin sanyi, sai ya tuna dariyar da aka yi masa, ya ajiye. Ya ce a ransa ai Garzali zai gaji da kansa ya tsaya, shi ke nan magana ta mutu.

Ranar Juma'a bayan sallar asuba suka isa Umm Salal a tsohuwar a-kori-kurar da Dikko ya aro. Hanya ce miƙaƙƙiya tsakanin gonaki, katangu da bishiyoyin dabino hagu da dama, ba kowa sai motar ruwa jefi-jefi. Tun kafin rana ta fito iska ta yi nauyi, riga na manne wa mutum a jiki. Garzali ya ɗaure farin kambas da ya saya a kasuwa. Ya miƙa wa kawunsa agogon hannunsa mai auna bugun zuciya.

"Ku ma ai ba ku da wannan," ya ce.

"Ka riƙe abinka."

"A'a, Kawu. Yadda kuka yi."

Ya kama hanya. Ɗalhatu na tuƙi a bayansa sannu a hankali, Dikko na gefe da jarkar ruwa tsakanin ƙafafunsa.

Da farko Ɗalhatu ya manta da gardamar, ya shagala da kallo. Yaron ya iya gudu. Kafaɗunsa a sake, ƙafarsa na taɓa ƙasa tana tashi ba nauyi. Bai taɓa tsayawa ya kalli gudunsa da kyau ba sai yau, kuma a ransa ya san shi a ƙuruciyarsa bai da wannan taku.

Rana ta fito ja, ba da jimawa ba ta yi fari. Kwalta ta fara tururi. Dikko ya leƙa ta taga ya ɗaga gorar ruwa.

"Garzali! Karɓi!"

Garzali ya girgiza kai ba tare da ya waiwayo ba. Sai da suka ci kusan rabin tafiya ya karɓi kofi ɗaya, ya kurɓa, ya jefar. Ɗalhatu ya ga ɗigon ja a bayan kambas ɗin hagu, diddige ya fashe.

"Malam Ɗalhatu, ka tsayar da shi haka nan," in ji Dikko.

"In na ce ya tsaya, cewa zai yi tsoro na ji kar ya wuce ni."

"To sai me? Ya ce ɗin mana."

Ɗalhatu ya matso da motar daidai da yaron ya sauke gilashi. Zafin waje ya bugi fuskarsa kamar an buɗe tanda.

"Ya isa, ɗana. Na gani. Shigo mota."

"Saura nawa?"

"Na ce ya isa."

"Kawu, saura nawa?"

Ɗalhatu ya dubi mitar motar. "Kamar kilomita goma sha biyu."

Garzali ya ƙara sauri ya bar motar a baya.

Bayan wata kwana, kusa da wata gona mai koren ƙofa, takunsa ya fara canzawa. Ya karkata zuwa tsakiyar titi, ya dawo gefe, ya sake karkata. Kansa ya langaɓe baya. Da Ɗalhatu ya sake matsowa, sai ya ga fuskar yaron ta bushe ƙamas, babu zufa ko ɗigo, leɓunansa sun yi fari.

"Garzali, ina muke yanzu?"

"Bukur," in ji Garzali, idonsa a gaba. "Mun kusa gida. Ka ce wa Mama ta buɗe ƙofa."

"Innalillahi," in ji Dikko.

Ɗalhatu ya taka mota ya sha gabansa, ya gicciye ta a titi, ya fito da gudu. Garzali ya nemi kaucewa. Ɗalhatu ya rungume shi ta ƙugu. Jikin yaron zafi rau kamar murfin injin mota. Ya yi ta fizga, ya kai wa kawunsa gwiwar hannu a baki har jini ya fito, yana cewa a sake shi, ana jiransa. Ɗalhatu bai sake shi ba. Can sai ƙafafun Garzali suka saki gaba ɗaya, suka zube tare a kan kwalta.

"Kira motar asibiti! Dikko, kira!"

Dikko na waya, yana ƙoƙarin kwatanta inda suke da guntun Larabcinsa. Ɗalhatu ya juye jarkar ruwan a kan yaron, amma ruwan ya riga ya ɗumama, kuma nan da nan ya ƙare. Ya tashi ya ruga ƙofar gonar ya shiga dukan ta da hannu biyu.

Wani dattijo Bamisire ya buɗe, mai kula da gonar, sunansa Sherif. Kallo ɗaya ya yi wa titin ya gane. "Yalla, ku shigo da shi!" Suka ciccibi Garzali su uku zuwa inuwar rumfa, inda akwai kwamin siminti da ake tara ruwan ban-ruwa. Suka tsoma shi har wuya, Ɗalhatu na riƙe da kansa kada ya nutse. Sherif ya kwaso duk ƙanƙarar da ke firjinsa ya zuba, ya saki tiyo a kan ƙirjin yaron, sannan ya karɓi wayar Dikko ya yi wa masu motar asibiti kwatance.

Garzali ya daina magana. Idanunsa a buɗe rabi, numfashinsa gajere-gajere. Ɗalhatu na kiran sunansa, yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa, jinin leɓensa na ɗiga cikin ruwan. Abin da ke yawo a kansa shi ne ranar da ya je Bukur ɗaukar yaron, Zaituna ta rako su har bakin titi ta ce, "Yaya, ga amana nan."

Sun ji jiniya daga nesa kafin su ga motar. Ma'aikatan suka auna zafin jikinsa, suka ce a bar shi cikin ruwan tukuna, sai da ya sauka sannan suka ɗauke shi.

A asibiti likita ta ce zafin rana ne ya buge shi, kuma ya taɓa masa ƙoda. Ta ce tsoma shi a ruwa da aka yi da wuri ne ya taimaka. Ɗalhatu bai je masallacin Juma'a ba, a kan benci ya wuni. Da la'asar ya kira Zaituna ya gaya mata duk yadda aka yi.

"Kana cikin mota da sanyi, shi yana gudu a rana?" ta ce. "Yaya, ka ba shi waya in ya farka. Da kai ba ni da magana yanzu."

Washegari Garzali ya dawo hayyacinsa sosai, robar ƙarin ruwa a hannunsa. Ya daɗe yana kallon kumburarren leɓen kawunsa.

"Faɗuwa na yi, ko kai ka tsayar da ni?"

"Ni na tsayar da kai."

"Da ka bar ni da na gama."

"Da na bar ka da gawarka zan kai wa uwarka."

Garzali ya juya fuskarsa bango. Ɗalhatu ya zauna nan har lokacin ziyara ya ƙare.

Garzali ya fi mako a asibiti. Ƙodar ta warware, amma likita ta hana shi gudu na tsawon watanni, kamfaninsu kuma ya mai da shi gadin cikin gini. Zaituna ta matsa ya dawo gida, ya ƙi. Ranar da aka sallame shi Ɗalhatu ya zo ɗaukarsa. Garzali ya tsaya a bakin ƙofar asibiti yana duba wayarsa kamar mai neman tasi, Ɗalhatu na jira da ƙofar mota a buɗe, masu motocin baya suna ta danna masa ham. Daga ƙarshe ya tako a hankali, yana ɗingisa ƙafar hagu, ya shiga ya zauna.

"Ka fara kai ni wajen Bamisiren nan," ya ce. "Ban yi masa godiya ba."

Ɗalhatu ya tada mota suka nufi gonakin Umm Salal.