Yatsan Abdulbaƙi

Yaran kamfanin robobi na Sharaɗa sun ɗauka tsufa ne ya sa yatsan Malam Labaran mai gadi ba ya zama wuri ɗaya. Benci, ƙyauren get, murfin buta, duk ƙwanƙwasa su yake yi. Ina za su sani? A samartakarsa shi ne mai buga tangaraho a tashar jirgin ƙasa ta Kano, yana mayar da magana gajeren bugu da dogon bugu, waya ta kwashe ta kai Nguru. A can kuwa Abdulbaƙi ne ke karɓa. Sun shekara da shekaru suna gaisawa, suna tsokanar juna, kafin su taɓa ganin fuskar juna.

Ran nan Badi'a, 'yar Abdulbaƙi, ta zo har bakin get. Ta ce ɓarin jikin babanta ya shanye, bakinsa ya rufe, kuma mutanen gida sun fara cewa ba ya gane kowa. Wannan maganar ce ta fi yi wa Labaran ciwo.

Yana tashi daga aiki ya hau adaidaita sahu zuwa Ɗorayi. Ya tarar da abokinsa kwance, ido a rufin ɗaki. Ya yi sallama, shiru. Sai ya kama hannunsa mai lafiyar, ya buga masa gaisuwarsu ta da a tafin hannu.

Can yatsan Abdulbaƙi ya motsa. Ya shiga zuba bugu kamar ruwa a kan kwano, da irin gaggawar nan tasa.

Labaran ya natsu yana bin bugun. Duk shekarun nan da ya bar tasha shi ke bugawa, ba mai buga masa. Aikawa tana nan daram, amma karɓa ta gudu. Ko harafi ɗaya bai kama ba.

"Baba, me ya ce?" in ji Badi'a.

Kunya ta rufe shi. Ya sunkuya ya buga alamar da sabon ma'aikaci ke bugawa idan an fi ƙarfinsa: maimaita, a hankali.

Sai gefen bakin Abdulbaƙi ya ɗaga, kafaɗarsa ta soma rawa.

"Ban ji abin da ya ce ba, 'yar nan," in ji Labaran, hawaye na bin gemunsa. "Amma kin ga dariya yake mini. Je ki gaya musu yana nan."