Hannun Kano

Cikin duk abin da mulkin Nasara ya kawo wa ƙasar Hausa, babu kamar tsari. Kafin zuwansu, jaki da raƙumi inda suka ga dama suke bi. Da suka zo, Faransa ta yanke cewa mota ta bi hannun dama, Ingila ta yanke cewa ta bi hagu, suka raba hanyar Magaria zuwa Kano tsakaninsu, kowa da gaskiyarsa. Ita hanyar kuwa sawu ɗaya ce cikin rairayi. Ba a neman tsarin sai sa'ad da motoci biyu suka yi gaba da gaba.

Lado ɗan wani ƙauye ne a bakin wannan hanya, kudu da Magaria. Da gemunsa ya tafi Kano koyon mota, a shekarun da gyaɗa ke tashe. Gonarsu ta mutum biyu ce, amma wansa Mutari ya ce ya tafi, shi da takarkarinsu sun isa. Takarkarin ne ke jan guga a rijiya, shi ke kai buhu kasuwa, kuma bai taɓa cewa zai je koyon wata sana'a ba.

A Kano Lado ya faɗa hannun wani direba, Malam Ɗanjuma, wanda ya yi imani cewa ilimi ta kafaɗa yake shiga. Lado ya yi shekara da shekaru yana karen mota: ya ɗaure kaya, ya sa katako bayan taya in an tsaya a gangara, ya kwana ƙarƙashin mota. Da aka fara ba shi sitiyari, duk sa'ad da wata mota ta ɓullo a gaba sai ya ji dunƙule a kafaɗar hagu. Da tafiya ta yi tafiya, hannunsa ya daina shawara da shi.

Permi kuwa, wato lasisin tuƙi, sai na Faransa mai mulkin Magaria, don haka ya je Damagaram. Wani Bature ya tambaye shi ta bakin tafinta wane hannu mota take bi. Lado ya ce dama. Aka buga hatimi. Bakin aka tambaya, ba a tambayi hannun ba.

Wani attajirin Magaria, Alhaji Ado, ya sayi sabuwar kamiyo, wato babbar motar kaya, ya ɗauki Lado saboda ya san hanyar Kano. Da yake miƙa masa makulli ya tuna masa cewa kumandan, Baturen mulkin Magaria, yana karɓe permin duk shofer, wato direba, da ya yi kuskure, kuma ba a taɓa jin ya mayar ba.

Tafiyar farko Lado ya kai gyaɗa Kano lafiya. Ya juyo da kananzir da atamfa. Da ya wuce duwan, wato kwastan, a kan iyaka ya riƙa faɗa wa kansa dama, dama, kamar mai jan carbi.

Labari ya riga shi isa ƙauye. Mutari ya sa rigarsa ta Juma'a, ya jawo takarkarin zuwa bakin hanya don shi ma ya ga abin da wahalarsa ta haifa. Ya tsaya a gefen hagun mai zuwa daga Kano, domin wani mai gyaran hanya ya tabbatar masa cewa motar da ta fito daga kudu ɗaya gefen take bi. Mutari mutum ne da ya yarda da tsari.

Lado ya hango rigar, ya ɗaga hannu. Daidai nan motar wani kamfanin Nasara ta ɓullo daga bayan tudu. Hannun Kano ya karya hagu. Shofer ɗin kamfanin, mai bin doka, ya karya damansa, wato wuri ɗaya ke nan. Lado ya ƙara murɗawa har ya bar hanya. Ya kauce wa motar. Bai kauce wa Mutari ba.

Kashegari jandarma ya zo da tafinta. Mutari na kwance a zaure, maɗori ya ɗaure masa ƙafa da karare. Lado ya buɗe baki, Mutari ya ce masa ya yi shiru, ba da shi ake ba. Sannan ya shaida wa jandarma cewa takarkarinsa ne ya firgita ya faɗa hanya, direban kuma ya yi bakin ƙoƙarinsa. Shofer ɗin kamfanin, wanda ya ga komai, ya tsura wa takalminsa ido ya ce haka aka yi.

Hukuma ba ta ɓata lokaci ba. Aka kama takarkarin da laifin rashin tsari, aka kora shi Magaria, inda gardawan kumandan, wato dogaransa, suka kwana biyu suna suya. Aka yaba wa Lado da ya ceci motar kamfani. Kumandan ya sa aka kafa allo a kan iyaka mai tuna wa direbobi hannun da za su bi, da Faransanci.

Da kowa ya watse, Lado ya durƙusa a gaban tabarmar.

"Yaya, ni ne fa."

"Na sani. Ina wurin."

"Bari in bi su in faɗa."

"In sun karɓe takardar, ƙafar miƙewa za ta yi?" Mutari ya juyar da fuska bango. "Tashi, Alhaji na jiran motarsa."

Lado ya tashi. Ya yi shekaru yana jan kamiyo tsakanin Magaria da Kano bai sake kuskuren hannu ba, har ana ba sababbin shiga misali da shi. In ya kusa ƙauyen yakan rage gudu, ya dubi gefen hagu. Ba kowa.

Ƙafar ta ɗoru a karkace. Da kaka ta zo, Mutari ya rage buhun gyaɗar rabi don ya iya ɗauka, ya aza a ka, ya dogara sanda ya kama hanyar kasuwa. Yanzu in ya ji ƙugin mota ba ya zaɓen hannu. Cikin gona yake shiga, can nesa, ya tsaya da kayan a kansa har ta wuce.