Sarkin da Ta Ƙi Kwantarwa

"Ba zan kwantar da shi ba," in ji ta.

Koci, mai horar da 'yan wasa, ya tsaya da kofi a hannu, a lungun da ake ajiye ruwan sha, bayan ƙofar ɗakin wasan ces. Ya ƙara rage murya. "Ba shawara nake ba ki ba, 'Yar Dubu. Sarauniyarki ta tafi, dokinki ya bi ta. Koma ki kwantar da sarkinki, ki yi wa Injiniya godiya, kowa ya huta."

"Na ji, Malam. Ba zan kwantar ba."

Muryarta ta fito daidai.

A wannan ɗaki da ke saman garejin Injiniya akwai dokar da ba a rubuta ba. Ƙarami in ya rasa sarauniya a hannun babba, sai ya kwantar da sarkinsa da kansa, alamar ya sallama. Ci gaba da wasa raini ne, kamar ka ce babban bai iya ƙarasawa ba. Injiniya kuwa makinsa na ƙwarewa ya haura dubu biyu, kuma ɗakin nasa ne, allunan nan takwas da agogunansu nasa ne, mabuɗin ma yana aljihunsa. Duk garin babu wani wurin da ake buga ces ido da ido. Bara wani ɗalibi ya yi masa gardama, Injiniya ya share 'ya'yan wasan da bayan hannu, ɗalibin bai ƙara hawa benen ba.

Ita makinta dubu da arba'in ne, daga nan ta samo sunan. Shekara biyar ba ta taɓa allo ba. Tana ajin ƙarshe a makaranta ta haɗu da wata zakara a gasa, ta ga abin ya rikice, ta kwantar da sarki. Da ta koma gida, Kawu, wanda ya koya mata wasan, ya jera 'ya'yan kamar yadda ta baro su, ya nuna mata taku biyu kacal da za su kashe sarkin waccan. "Ba ita ta cinye ki ba," ya ce. "Lambar da ke gaban sunanta ce." Ranar ta ɗora allon saman kabad, ta bar shi ga ƙura.

Wata uku ke nan da ta dawo wasan, bayan ta gama karatu ta kama aiki a kantin magani. Duk wasan da ta buga tana rubuta shi a littafi, taku bayan taku, in an tashi hutun rana ta sake jera shi a bayan kanta. A nan ta gano abin da ya ba ta kunya. Cikin wasanni ashirin da uku, tara ta sallama da sauran ranta. Ƙarshen wasa kuwa ba ta san shi ba sam, don ba ta taɓa kaiwa can ba. Sai ta sa kanta a gaba, mako shida tana koyon abin da sarki ke yi in an bar shi tsirara, ta kuma yi wa kanta alkawari: duk mai son sarkinta ya zo ya kashe shi da hannunsa.

Ta koma ta zauna. Injiniya ya ɗago ya dubi sarkin, yana jira. Ta tura soja gida ɗaya, ta danna agogo.

Ana jin ƙarar guduma daga garejin ƙasa.

"Ƙanwata," in ji Injiniya, "ko ba ki ƙirga abin da ya rage miki ba?"

"Na ƙirga, ranka ya daɗe."

"To?"

"Takunka ne."

Tela, wani dattijon ɗan wasa mai yawan barkwanci, ya taso daga nasa allon. "Kai! Kaza ta ce a kawo wuƙar ta gani. Injiniya, ka yanka da sauri, muna da ɗinki a shago."

Aka yi dariya, ban da Injiniya. Jijiyar goshinsa ta tashi. Ya daina neman kashe sarkin, ya koma cinye mata komai ɗaya bayan ɗaya, yana buga kowane ɗa a kan tebur har allon na girgiza. Wani bugun har ya sa alƙalamin da take rubuta taku ya zame ya yi zane a takarda. Ta cusa hannuwanta ƙarƙashin cinyoyinta, ba ta fito da su sai in za ta taka. Mutum goma sha biyu sun kewaye ta, tana jin numfashinsu a ƙeyarta. Sau biyu yatsanta ya nufi kan sarkin da kansa, sau biyu ta janye shi.

A taku na hamsin da ɗaya ta ga abin. Sarkinta yana can ƙuryar allo, sarauniyar Injiniya ta tare duk gidajen da ke kewaye da shi, amma ba ta kai masa hari ba. Sojojinta biyu sun toshe, ba gaba ba baya. Cikin 'ya'yan wasanta, hasumiya ɗaya ce kawai ke iya motsi. In ita ma ta tafi, babu abin da za ta taka, kuma dokar wasa ta ce wannan kunnen doki ne.

Tsoron da ya kama ta yanzu ya fi na ɗazu. In ta sha kashi, wataƙila a ce ƙuruciya ce a yafe. In ta yi kunnen doki da shi a gaban jama'a fa? Ta dubi Koci. Shi ma ya gani, don ya girgiza mata kai a hankali.

Ta zaro hannu, ta ɗauki hasumiyar, ta dire ta a jikin sarkin Injiniya.

Ko daƙiƙa bai yi ba ya cinye ta. "Sai me kuma za ki ba ni?"

"Babu, ranka ya daɗe. Ba ni da taku."

Ya dubi allon. Ya daɗe yana dubansa. Ta runtse ido tana jiran 'ya'yan wasan su watsu a fuskarta.

Ba su watsu ba. Injiniya ya tsayar da agogo, ya miƙe, ya ce da Koci, "Kujerun nan sun yi mana kaɗan. A rage mutum ɗaya."

Koci ya bi ta har matakala. "Ki dawo ki ba shi haƙuri, yarinya. Kalma ɗaya ce."

"Haƙurin me zan ce, Malam? Na bin doka?"

Ta sauka daga benen. A ƙasa, tsakanin motoci masu buɗaɗɗen baki, ta tsaya ta gyara rubutun takun ƙarshe, wanda ta yi a gaggauce.

Washegari aka goge sunanta daga jerin 'yan wasa da ke allon bango. Rabin maki ta samu, da wasa guda mai taku hamsin da biyu a littafinta. Abin da ta biya shi ne ɗakin, da Koci, da abokan wasa goma sha biyu. Yanzu a bayan kantar magani take bugawa, ita ce fari ita ce baƙi, kuma wata huɗu ke nan babu wanda ya zauna a gabanta.