Ba a Shiga Gidan Alhaji Ilu

A Sule Tankarkar, shekara biyu bayan babban farin da ya ƙarar da shanu, akwai wani mai facin keke da ake kira Kofur Mati. Ya je yaƙin basasa, amma bai taɓa harbin kowa ba. Aikinsa a can ɗaukar waɗanda aka harba, da taya likitan soja aiki. Da aka sallame shi ya dawo gida ba mata ba gona, ya kafa akwatin kayan aikinsa a gindin darbejiyar da ke ƙofar gidan Alhaji Ilu, dillalin shanu. Mutanen unguwa suna kawo masa kekunansu, amma ba mai kiransa cin tuwo. Gwauro kuma tsohon soja, laifi biyu ke nan a wurinsu.

Alhaji Ilu kuwa ƙaton mutum ne mai murya, kowace Alhamis yana kasuwar Maigatari yana juya shanun Damagaram. Ba a san shi da karatu ba, ba a san shi da kyauta ba. Abin da aka san shi da shi kishin gida. Katangarsa ta fi ta kowa tsawo. An yi shekarar da wani magini ya hau soron maƙwabta yana yaɓe, Alhaji ya ce ya leƙa masa tsakar gida, bai huta ba sai da maginin ya bar garin. Tun daga ranar maza suka san iyakarsu zaure. Suna zaginsa a bayan ido, suna kuma cika masa tabarma kullum da hantsi, saboda goronsa ba ya yankewa.

Wata Laraba cikin bazara, Mati na tsugune yana neman hujin taya a cikin kwanon ruwa, dattawa na zaure suna jiran fitowar maigida, sai aka ji kururuwa daga cikin gida. Laure ce, matar Alhaji.

"Jama'a ku taimaka! Alhaji ya faɗi! Ba ya numfashi!"

Mati ya yar da tayar ya ruga. Ya san wannan faɗuwar. Ya ga irinta a asibitin soja: mutum na tsaye lafiya, sai zuciya ta tsaya cik. Ya ga likita yana ɗora wa irinsu wata na'ura mai hannu biyu kamar dutsen guga, lantarki ya zabure su, wani lokaci zuciyar ta ci gaba da bugawa. A Sule Tankarkar ko lantarkin babu, balle na'ura. Amma likitan ya koya musu abin da ake yi da hannu zalla: a danna ƙirji da ƙarfi ba tsayawa, a hura iska a baki, don jini ya riƙa zuwa kai har a sami mota. Ya kuma gaya musu cewa mintunan farko su ne komai. In suka wuce, ko sarkin likitoci aka kawo, gawa zai danna.

Ya ratsa zaure zai faɗa ƙofar ciki, sai ya ci karo da hannu a miƙe. Malam Cindo ne, maƙwabcin Alhaji, tsoho mai dogon gemu da gajeren karatu.

"Ina za ka, Soja?"

"Malam, ba ka ji ba? Zuciyarsa ce ta tsaya. Na san abin da ake yi. Ba ni hanya."

"Ka san abin da ake yi, amma ba ka san gidan matar aure ba ne? Wa ya yi maka izni?"

"Mai ba da iznin ai shi ne a kwance!"

"To ka gani," in ji Malam Cindo, kamar wanda ya ci gardama. "Sai a nemo ƙaninsa."

Kawu Manu, wani tsoho mai sayar da igiyar shanu, ya ce ai Sa'idu ƙanin Alhaji tun asuba ya tafi Gagarawa ɗauko gero, kuma da motar gidan ya tafi. Wani ya ce to a kira mai unguwa. Nan take mutum uku suka zabura za su nemo shi, kowa na murna ya sami hanyar barin wurin. Wani ya ce a nemo tsohuwa ta shiga ta gani. Mati ya ce ba gani ake buƙata ba, ƙarfi ake buƙata.

Laure ta sake kwarara ihu daga bayan ƙofa. "Wai ba maza a zauren nan ne?"

"Akwai maza, Hajiya," in ji Kawu Manu. "Ki yayyafa masa ruwa. Ki ƙona tsumma ki kai masa hanci. Rana ce ta buge shi, ni ma ta taɓa yi mini haka a Gumel."

Mati ya dubi hannun nan da ya tare ƙofa. Siririn hannu ne, duk jijiya, da yatsa biyu zai kawar da shi. Amma ya tuna magini. Ya tuna inuwar da yake cin abinci a gindinta a ƙofar Alhaji take. Mutumin da ya yi gudu cikin ruwan harsashi ɗauke da mai rauni a kafaɗa, yau hannun tsoho ya tsayar da shi. Kada a wanke shi, shi ma yana da nasa kason na laifi.

Sai ya fita da gudu ya zagaya gindin katanga, ya ɗaga murya.

"Hajiya! Ni ne Mati mai faci. Kina ji na?"

"Ina ji!"

"Kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. Cire duk abin da ke ƙarƙashin kansa. Ɗora tudun hannunki a tsakiyar ƙirjinsa, ki ɗora ɗayan a kai. Ki danna da duk nauyinki, ki saki, ki danna. Ki bi ƙirgata. Ɗaya, biyu, uku!"

Ya yi ta ƙirga yana dukan katanga da tafin hannu. Da ya kai goma sha biyar ya ce ta ɗaga haɓarsa, ta toshe hancinsa, ta haɗa bakinta da nasa ta hura sau biyu.

"A'uzubillahi!" in ji Malam Cindo, wanda ya biyo shi waje. "Ku ji abin da yake koya wa matar mutane a bainar jama'a! Soja, a bariki aka yi maka tarbiyya?"

"Mijinta ne, Malam."

"Mijinta ne da rana tsaka?"

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. An sami masu dariya a wurin, mutum na mutuwa taku goma daga inda suke. Jama'a ta yi ta ƙaruwa, masu tallan goro, masu zuwa rijiya, kowa ya iso sai ya tambayi abin da ya faru, a ba shi labari tun daga farko, ya ce "Allah ya sawwaƙe," ya gyara tsayuwa.

Muryar Laure ta fito tana haki. "Mati, ba ya motsi! Ƙirjin ya fi ƙarfina. Don girman Allah ka shigo. Ni na ce ka shigo!"

Mati ya koma zaure. Malam Cindo ya riga shi komawa bakin ƙofa.

"Ka ji da kunnenka, Malam. Matar gida ta yi mini izni."

"Gidanta ne? Ita ma izni take nema kafin ta taka zauren nan. Wanda ba shi da abu ba ya bayar da shi."

"To kai ka shiga, in gaya maka abin da za ka yi. Kai sa'an ubanta ne."

Malam Cindo ya ja da baya kamar an nuna masa maciji. "Ni? A'a. Shekara talatin muna maƙwabtaka ban taɓa wuce nan ba."

"Kawu, kai fa?"

Kawu Manu ya matso, ya rage murya, ya faɗi gaskiyar da duk zauren ke ɓoyewa. "Kofur, ka san halin mutumin nan. In ya farka ya ga namiji a kansa, matarsa na tsaye ba mayafi, ya ce wa ya bari aka shigo, me za mu ce? Kai ka ɗauki akwatinka ka bar gari. Mu a nan 'ya'yanmu suke."

Iyakar fiƙihunsu ke nan. Ba Allah suke tsoro ba, domin duk wanda ya zauna gaban malamin kirki ya san lalura tana buɗe abin da aka rufe, kuma ceton rai ya fi katanga. Alhaji Ilu suke tsoro, wai kada ya rayu ya yi fushi.

Mati ya ci gaba da ƙirga daga bakin ƙofa, ta saman kafaɗar Malam Cindo. Laure na amsawa daga ciki. Da farko muryarta na tafiya daidai da tasa. Can sai ta fara tsallake lamba. Can sai numfashi kawai ake ji. Mace ce 'yar siririya, ba ta kai rabin mijinta ba. A zaure kuwa an koma gardamar ko mai unguwa yana da ikon ba da izni, ko kuwa sai liman.

"Mati," in ji ta, muryar ta dushe. "Hannuwana sun mutu."

A nan ne ya yi abin da ya kamata ya yi tun kururuwar farko. Ya kama Malam Cindo ta ƙugu, ya ɗaga shi ya ajiye gefe kamar buhun ƙaiƙayi, ya shige. Ba wanda ya bi shi, ba wanda ya riƙe shi. Ashe ƙofar nauyinta ke nan.

Ya tarar da Alhaji kwance kusa da randuna, buta a kife gefensa, leɓunansa sun koma kalar toka. Laure na durƙushe, ɗankwali ya faɗi, gumi ya jiƙa ta sharkaf. Ta sami wurin daidai, ƙarfin ne babu. Mati ya durƙusa ya hau dannawa. Ya danna har ya ji haƙarƙari ya ba da ƙara, bai tsaya ba. Ya hura, ya danna, ya hura. Ya taɓa wuya, shiru. Ya ci gaba har gumi ya riƙa ɗiga daga haɓarsa kan rigar Alhaji. Sai ya buɗa fatar idon mutumin ya juyar da fuskarsa wajen rana. Baƙin idon ya buɗe faɗi, hasken bai motsa shi ba. Ya sake yin wani zagayen duk da haka, don kunyar idon Laure. Daga nan ya zauna a kan dugadugansa.

"Hajiya, sai haƙuri. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Bai ɗaga murya ba, amma zaure ya ji.

Sai ga su. Malam Cindo a gaba yana gyara rawani, Kawu Manu a bayansa, sai sauran, har da mutum ukun da suka tafi neman mai unguwa. Ba sallama, ba neman izni. Suka cika tsakar gidan da aka yi shekara talatin ana hana su gani, bakinsu na salati, idanunsu na yawo: ga rumbuna, ga ɗakin da aka yi wa rufin kwano, ga rediyo a kan turmi. Wani ya taɓo na kusa da shi ya ce ashe rijiya ma gare shi a ciki.

Malam Cindo ya karɓi ragamar aiki. Ya ce a miƙe ƙafafu, a rufe shi, a ɗora ruwa, a aika Gagarawa. Ya dubi Mati ya ce, "Soja, matsa mana, ka gama naka. Ni dai na ji ƙarar ƙashi, amma ba yau za a yi maganar ba." Mati ya tashi ya koma jikin bango.

Sa'an nan tsohon ya juya wajen Laure, ya sassauta murya irin ta masu ta'aziyya.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Kwana ne ya ƙare. Allah ya gani, mu dai mun yi iya ƙoƙarinmu."

Laure ba ta yi kuka ba, ba ta kuma nemi ɗankwalinta ba. Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, har suka fara sunkuyar da kai.

"Na ji ƙoƙarinku, Malam," in ji ta. "Ina dannawa ina jin ku. Duk wanda ya yi magana na gane muryarsa, har da masu dariya."