Abin da Ke Cikin Agogon Baba

Ranar Talata agogon ya tsaya, Lailatu tana cikin jirgin ƙasa na LRT za ta makaranta, a ƙasar wajen da take karatu. Na marigayi mahaifinta ne, wanda ya yi shekara ashirin yana nutso a sojan ruwa. Ƙato ne mai kauri, lambobinsa suna haske a duhu. Baba ya sha gaya musu cewa tun asali kamfanin da ya yi shi, sojojin da ke aiki a ƙarƙashin teku yake ƙera wa agogo, kafin masu kuɗi su gano shi su mayar da shi abin ado.

Alkasim, ɗan kasuwar da ke sayar wa ɗalibai waya da turare a unguwar Pantai Dalam, shi ya yi mata kwatancen wani tsohon mai gyara, Ba'indiye, a unguwar Brickfields. Sai dai yadda ya riƙa jujjuya agogon yana tambaya ko na sayarwa ne bai kwanta mata ba. Da ya ce ta kawo ya kai mata, ta ce ta gode, ta san hanya.

Shagon ɗan tsugul ne, kusa da masu saƙa furanni. Tsohon ya sa madubi a ido ya daɗe yana dubawa, ya auna nauyin agogon a tafin hannu, ya tambaye ta inda ta samo shi. Sannan ya ce ta bar shi kwana uku. Nan take ta raya a ranta cewa Alkasim ya riga ta bugo waya, sun gama shirinsu. Ta jawo kujera ta zauna, ta ce a gabanta za a buɗe, ko kuma a ba ta abinta.

Bai ji haushi ba. Ya shimfiɗa ƙyalle, ya kwance murfin bayan a hankali, ya juyo mata da shi. Babu komai a ciki sai wani ɗan inji na roba da batir kamar ƙwayar magani, an cika gefensa da zoben roba don kada ya yi motsi.

Ya ce jikin na gaske ne, amma tun da ya ɗauka ya ji nauyin bai kai ba. Injin ainihi, wanda shi ne darajar agogon, an cire shi. Batir ne kawai ya ƙare, kuma irinsa ba ya wuce shekara uku.

Shekara uku ke nan da rasuwar Baba. Wata biyar agogon ya yi a hannun yayanta Usaini kafin ya aiko mata.

Ta fito bakin titi ta kira Kano.

"Yaya, wa ya buɗe agogon Baba?"

Usaini ya ce ya taɓa kai shi Sabon Gari a wanke, wurin wani mutum da ya manta sunansa, shagon ma an rushe shi. Ya rantse bai san komai ba. Ta lura bai tambaye ta abin da aka gani a ciki ba.

Ta koma shagon, ta ba tsohon haƙuri, ta ce ya sa mata sabon batir. Da Usaini ya kira ta da yamma, ta bar wayar tana ta ruri a cikin jaka.