Jan Baki a Jikin Leda

Ranar awo ma'aikaciyar asibiti ta ɗora 'yata a sikeli, ta dubi kati, ta dube ni.

"Shekara biyu, nauyi yana komawa baya. Me kike ba ta? Iska?"

Matan da ke layi suka yi dariya. Na sunkuyar da kai. Ni ba mai magana ba ce, ko gaisuwa sai na shirya ta tun daga ƙofa.

Abinci kam ina dafawa. Tsuntsuwa ce, haka muke kiran yarinyar, take kau da kai ta rufe baki gam. Kullum yatsunta da harshenta sun yi ja.

Yayar mijina tana da tebur a ƙofar gida: biskit, alewa, da wani abu ja mai ƙaras-ƙaras a leda mai ƙyalli. Ita ta kai magana gaban surukina.

"Baba, yarinyar nan za ta kashe mana 'ya da yunwa. Ran Asabar zan ɗauke ta, ta dawo ɗakina."

Baba ya ce Asabar ɗin ta zo tukuna. Mijina kuwa dama a gaban yayarsa ba shi da baki.

Ni ce mai sharar gidan. Washegari na ja durom ɗin ruwa, wanda Tsuntsuwa take ɓuya a bayansa, sai ga ledojin nan masu ƙyalli tuli. Na ɗauki ɗaya na duba. Yaya ba ta yaga leda da hannu, don kada farcenta ya karye. Da haƙori take gutsure kusurwa. Kowace leda da shatin jan bakinta, mai ruwan makuba, wanda duk layinmu ita kaɗai ke shafa shi.

Daga ranar na goya 'yata, ban ƙara sauke ta kusa da teburin ba. Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ni kuwa ina ta tsince ledojin ina tarawa a buhu: ƙarƙashin katifa, bayan ƙofa, har cikin tsohon takalmin Baba.

Ran Asabar Yaya ta shigo da jaka.

"Haɗa min kayanta, sarauniyar girki."

Na shiga ɗaki na fito da buhun, na zazzage a gaban Baba. 

"To sai me?" in ji ta. "Yara nawa ke saye a wurina?"

"Su da kansu suke yagawa, Yaya."

Baba ya sa tabarau, ya dubi leda, ya dubi bakinta. Ta kai mayafi za ta goge.

"Kuka take yi, in rarrashe ta. Laifi ne?"

"Ajiye jakar nan," ya ce. Sannan ya juyo wurina. "Ke, a ba ki haƙuri?"

"A'a, Baba. Ranar awo ita za ta riƙe ta a layi."

Haka aka yi. Na miƙa wa ma'aikaciyar buhun da hannuna, na faɗi abin da ke ciki.

"Au, ke ce gwaggon? Matso nan gaba, kowa ya gan ki."

Ta daɗe tana wanke Yaya da faɗa. Matan nan dai, su ɗin dai, suka yi dariyarsu. Yaya ta waigo tana nemana da ido.

Ina benci na baya, na karɓi Tsuntsuwa ina ɓare mata dafaffen ƙwai. Ta ci rabi. Ban sunkuyar da kai ba.