Hoto a Kwance

...ai ba sata ba ce. Ko sata ce? Injiniya yana zaune a shagonsa na gyaran kwamfuta, fanka tana juya zafi, baƙin allon rubuta umarni a buɗe, ɗan karan nan mai nuna wurin rubutu yana ƙiftawa. Layi ɗaya zai rubuta, ya danna, shi ke nan ya yanke.

Shi ya rubuta 'yar manhajar da hannunsa, lokacin 'yarsa Tsigi tana rarrafe. Ba wani abin a zo a gani ba ne: duk hoton da uwarta ta ɗauka da waya sai ya faɗo kwamfutarsa, jim kaɗan fuskar allo ta sauya da kanta zuwa hoton. Yana tsaka da kwance injin wani ya ɗaga kai — ga Tsigi cikin bahon wanka, kumfa har gira. Ya yi ta dariya shi kaɗai, mai shagon kusa yana leƙowa ko lafiya.

Aure ya mutu, manhaja ba ta mutu ba. An raba kujeru, an raba har labule, ba wanda ya tuna da ita. Ba wanda ya tuna? Kai, Injiniya, ji tsoron Allah... ya tuna, shiru ya yi. Uwa da 'ya sun koma gari mai nisa, waya ma sai ta hannun kawun yarinya, shi kuwa kawun — a bar kaza cikin gashinta. Ta allon nan ya ga haƙorinta ya fita. Ta nan ya ga rigar makaranta, ta yi mata yawa, an naɗe hannu. Ba shi da wata taga sai wannan.

Ga shi ɗazu ƙanwarsa take gaya masa uwar Tsigi za ta yi aure. Matar wani ke nan. Ɗakin wani, gadon wani, a kan allonsa? A'a, da sauran kunya. Sai dai in ya yanke... yaushe kuma zai ga Tsigi? Sai ta yi tsawon da zai wuce ta a hanya bai gane ta ba?

Mitar da ya sha yi wa uwar suna tare! Ki riƙa kwantar da wayar, allon a kwance yake, in kin ɗauka a tsaye sai ya sare wa yarinya kai. Ki bar gefen hagu fili, nan tarkacen ayyukana suke, suna rufe mata fuska. Ita kuwa ta murguɗa baki: "Wayarka ko tawa?" Taurin kai kamar me. Haka ya yi ta kallon rabin Tsigi, haɓa da wuya, wani lokaci ciki kawai. Wallahi yana kewar faɗan ma.

Ya rubuta layin. Bai danna ba tukuna, allon ya sauya — Tsigi a bakin ƙofa, takalmi a hannu, tana hararar wani. Hararar uwarta sak. Kanta cikakke, har kitso ya fito. Tana can dama, hagu kuwa bango ne kawai.

Tsaya... a kwance? Na rigar makaranta ma a kwance yake. Na haƙorin ma. Tun yaushe? Matar da ba ta taɓa kwantar da waya ba suna tare, ko sau ɗaya...

"Ashe kin sani."

Yatsansa yana kan maɓallin, ya kasa dannawa, ya kasa ɗagawa.